Taragun Kaya a Kan Dandamali: Yadda Hip-hop Ya Shiga Wasan Starlight Express

Ran 27 ga watan Maris na shekara ta 1984 aka buɗe wani wasan kwaikwayo na waƙa da rawa mai suna Starlight Express a gidan wasa na Apollo Victoria da ke birnin Landan. Taurarin labarin ba mutane ba ne, jiragen ƙasa ne: kawunan jirgi masu ja, da taragun fasinja, da taragun kaya, kuma kowane ɗan wasa yana sanye da takalma masu taya tun daga buɗe labule har rufe shi. Andrew Lloyd Webber ne ya tsara kiɗan, Richard Stilgoe ya rubuta baitocin, Trevor Nunn ya ba da umarni, Arlene Phillips ta tsara raye-rayen, John Napier kuwa ya cire ɗaruruwan kujeru daga zauren, ya shimfiɗa hanyoyin tsere da ke ratsa tsakiyar ƴan kallo, da wata gada ta ƙarfe mai juyawa a bisa kawunan ƴan wasa. An kashe wajen fam miliyan 2 da dubu 250 kafin a sayar da tikiti na farko. Wasan ya zauna a wannan gida har watan Janairu na 2002, bayan an nuna shi fiye da sau 7,400.

Masu rubuta tarihin wannan wasa sun fi tsayawa a kan manyan taurarinsa da kuɗin da ya ci. Amma akwai wasu taragu uku da ke can bayan jerin, cikin ƴan amshi, waɗanda tarihinsu ya fi na taurarin faɗar abin da ya faru tsakanin gidajen wasan Turai da kiɗan samarin baƙaƙen fata na Amurka a cikin shekara 40. Da farko sunansu Rocky na ɗaya, na biyu da na uku. Daga baya aka kira su Hip Hoppers. Daga bisani aka mayar musu da tsohon sunansu, sa'annan wani sabon shiri ya ajiye su gaba ɗaya.

Labarin wasan bai da wuyar riƙewa. Wani yaro yana wasa da jiragensa na roba da ƙarfe, uwarsa ta ce ya kwanta, sai jiragen suka tashi a cikin mafarkinsa suka shirya gasar tsere ta duniya. Sharaɗin gasar shi ne kowane kan jirgi ya shiga tare da tarago ɗaya a bayansa. Greaseball, mai aiki da gazuwal, shi ne zakaran da ke riƙe da kambu. Electra, mai aiki da lantarki, shi ne baƙon da ya zo da alfaharin zamani. Rusty kuwa ƙaramin kan jirgi ne mai tururi, aikinsa jera taragu a tasha, kowa na yi masa dariya, kuma yana son wata taragon fasinja mai suna Pearl wadda idonta ke kan waɗanda suka fi shi ƙarfi. Tatsuniyar maraya ce da kishiyoyi, an sa mata ƙafafun ƙarfe. Shi kansa Lloyd Webber ya daɗe yana neman hanyar yin wasa a kan jirage, tun shekarun 1970 lokacin da ya so ya yi aiki da littattafan yara na limamin coci Wilbert Awdry, mai labarin Thomas, abin bai yiwu ba.

Dabarar da ta riƙe wasan ita ce rabon kiɗa. An ba kowane irin jirgi salon waƙarsa, kamar yadda a ƙasar Hausa kiɗan maƙera daban yake da na mahauta, na mahauta daban da na manoma. Greaseball ya samu rok irin na Elvis Presley. Electra ya samu kiɗan na'ura. Dinah, taragon cin abinci, ta samu kiɗan karkarar Amurka na masu kukan rabuwa. Tsoho Poppa, kan jirgi mai tururi da ya yi ritaya, ya samu bulus da waƙoƙin coci na baƙaƙen fata. Da aka zo kan taragun kaya masu kama da akwati, sai aka miƙa musu sabon abin da ke tashe a titi a lokacin: magana mai gudu a kan kiɗa, wato rap, da rawar birek ta juyi da tsalle da wuntsila gudidi.

Sunansu wasa ne da kalmomi. A Ingilishi, kalmar da ke nufin akwati ita ce kuma ke nufin dambe, don haka taragon akwati ya zama ɗan dambe, aka ara masa sunan Rocky, jarumin fim ɗin Sylvester Stallone na 1976. A 1984 kashi uku na fim ɗin ne suka fito, sai taragun suka zama uku. Kashi na huɗu ya fito a 1985, kuma da wasan ya isa New York a 1987 sai ga Rocky na huɗu a kan dandamali. Ɗaya daga cikin ukun farko shi ne Danny John-Jules, matashi baƙar fata haifaffen Landan, wanda daga baya ya yi suna a talabijin ɗin Ingila.

Don a gane nauyin wannan zaɓi sai an tuna shekarun hip-hop a wancan lokaci. Galibi ana ƙirga haihuwarsa daga wani biki da mai juya faifai Kool Herc ya yi ran 11 ga Agusta 1973 a wani bene da ke titin Sedgwick, a unguwar Bronx ta New York. Faifan rap na farko da ya ratsa duniya, na ƙungiyar Sugarhill Gang, ya fito a 1979. A watan Nuwamba na 1982 ne ayarin farko na masu rap da masu rawa da masu zane daga New York ya zagaya Faransa da Ingila. A 1983 ƙungiyar rawa ta Rock Steady Crew ta bayyana a fim ɗin Flashdance, a farkon 1984 kuma tashar TF1 ta Faransa ta fara wani shiri na mako-mako a kan hip-hop wanda wani baƙar fata mai suna Sidney ke gabatarwa. Wato ke nan lokacin da Starlight Express ya buɗe, kiɗan bai wuce shekara 11 da haihuwa ba, kuma bai wuce shekara 5 da shiga kasuwar faifai ba. Manyan gidajen wasa na Landan, inda masu hali ke zuwa da kwat da dogayen riguna, ba su saba jin irinsa ba. Wasan yana cikin na farko-farko da suka shigar da shi wannan zaure.

Akwai kuma wata dangantaka da ta fi wannan zurfi, wadda ko masu shirya wasan sun lura da ita ko ba su lura ba, tana nan. Hip-hop da jirgin ƙasa tare suka tashi. Samarin Bronx da Brooklyn ba su da gidan nuna zane, sai suka mayar da jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin allonsu: su shiga wurin ajiyar jirage da dare da gwangwanayen fenti na feshi, su rubuta laƙabinsu da manyan haruffa a jikin tarago, da safe jirgin ya ɗauki sunan ya kai shi unguwannin attajirai inda mai sunan ba ya iya kama ɗaki. Fim ɗin Style Wars na 1983 da littafin hotuna Subway Art na Martha Cooper da Henry Chalfant, wanda ya fito a 1984, su ne suka kai wannan zane idon samarin Turai. Ta fuskar kiɗa ma haka: faifan Planet Rock na Afrika Bambaataa, na 1982, ya ɗauko karinsa daga wata waƙa ta ƙungiyar Kraftwerk ta birnin Düsseldorf a Jamus, waƙar da aka yi a 1977 a kan jirgin ƙasa mai ratsa Turai. Da yawa daga cikin matakan rawar titi kuwa duniya ta fara ganinsu ne a shirin talabijin na Soul Train, wanda tambarinsa jirgin ƙasa ne mai rawa a kan dogo.

In aka ƙara komawa baya, tarago a tarihin baƙaƙen Amurka ba abin hawa ba ne kawai, ma'auni ne na matsayin mutum. A 1892 Homer Plessy ya shiga taragon fararen fata a jihar Louisiana da gangan, aka kama shi, kuma hukuncin da kotun ƙoli ta yanke a kan shari'arsa a 1896 shi ne ya halasta wariyar launin fata har fiye da rabin ƙarni. Kamfanin Pullman, mai taragun kwana, ya cika su da barori baƙaƙe masu gyara shimfiɗa da goge takalma, kuma su ne A. Philip Randolph ya jagoranta wajen kafa ƙungiyar ƙwadago a 1925, wadda ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan gwagwarmayar neman ƴanci. Taragon akwati kuwa, shi ne motar wanda ba shi da kuɗin tikiti: a shekarun 1930 na karayar arziki dubban marasa aiki, farare da baƙaƙe, a cikinsa suke ɓuya su tafi cin rani. Saboda haka idan marubucin wasa ya raba jirgi gida biyu, fasinja a gaba, kaya a baya, sa'annan ya ɗora rap a bakin taragon akwati, ya taɓa wani tsohon miki ko da da wasa yake yi.

To, me aka ba su su yi a cikin labarin? Suna fitowa tare da sauran taragun kaya, su Flat-Top mai ɗaukar bulo da Dustin mai ɗaukar tsakuwa, a cikin wata waƙar gugar zana da taragun fasinja, inda kowane ɓangare ke kambama kansa yana kushe ɗan'uwansa, abin da duk wanda ya taɓa jin ƴan gambara a kasuwa zai gane. Kashi na biyu na wasan yana buɗewa da wata gardama da aka tsara gaba ɗaya a salon rap, a kan ko ya halatta Rusty ya gaji gurbin Poppa a tseren ƙarshe. Sai kuma waƙarsu ta kansu, mai suna Right Place, Right Time, wadda ke zuwa a daidai lokacin da aka yi wa Rusty maƙarƙashiya ya faɗi, aka bar shi a karye. Ba lallashinsa suke yi ba. Suna gaya masa ne cewa nasara ta mai sa'a ce, wanda aka haifa a inda ya dace, kuma irinsu da irinsa ba su cikin lissafi.

Wannan ita ce magana mafi ɗaci a cikin wasan duka, kuma ita ce mafi kusa da abin da rap na gaskiya ke faɗi a wancan zamani, shekara biyu bayan Grandmaster Flash da ƙungiyarsa sun fitar da faifan The Message a kan ƙuncin rayuwar unguwa. Sai dai tsarin labarin bai bar ta ta tsaya ba. Da sun gama, sai Rusty ya ga wahayi, ya gano cewa ƙarfin da yake nema yana cikinsa, ya tashi ya ci tseren. Wato an kawo muryar titi ne domin a ƙaryata ta bayan minti biyar. Kuma ba da ɗayansu Rusty ya ci gasar ba, da Dustin ya ci, mai nauyi, mai haƙuri, wanda ba ya gardama da kowa. Masu rap sun yi tsalle, sun sha tafi, sun koma layin baya. Ba a ba ko ɗayansu suna na kansa ba, lamba aka ba su.

Adalci ne a ce wasan bai rufe wa baƙaƙen ƴan wasa ƙofar manyan gurabe ba. Ray Shell, Ba'amurke baƙar fata, shi ne Rusty na farko, Lon Satton shi ne Poppa, Electra kuwa Jeffrey Daniel ne na ƙungiyar Shalamar, tsohon ɗan rawar Soul Train, wanda a 1982 ya nuna wa ƴan kallon talabijin na Ingila takun nan na sulɓewa da baya kafin Michael Jackson ya mayar da shi nasa a idon duniya. Shi ne kuma ya zama ɗaya daga cikin alƙalan gasar waƙa ta Nigerian Idol da aka fara a 2010. Don haka mutumin da ya fi kowa sanin rawar titi a cikin ayarin 1984 ba ya cikin taragun kaya, yana gaba, a matsayin jirgin gobe. Amma salon kiɗan kansa, a matsayinsa na harshe, a baya aka ajiye shi.

Aikin waɗannan ƴan amshi ba ƙarami ba ne, kuma nan ne ake yawan yi musu rowar yabo. Rawar birek a ƙasa mai tauri da takalmin roba ma tana karya wuyan hannu. Su kuwa suna yin ta da taya huɗu a ƙarƙashin kowace ƙafa, da sutura mai nauyi a kafaɗa, suna waƙa a lokaci guda, sau bakwai ko takwas a mako. Shi ya sa shirin ya kasance yana sa sababbin ƴan wasa makarantar koyon takalmin taya ta watanni kafin a bar su su hau dandamali, kuma ciwon gwiwa da na idon sawu ya zama abokin sana'ar.

Wani abin mamaki na tarihi shi ne watan da aka buɗe wasan. A cikin Maris ɗin 1984 ne masu haƙar gawayin ƙasa na Ingila suka fara yajin aikin da ya kai shekara guda suna ja da gwamnatin Margaret Thatcher, suka kuma sha kaye. Jirage masu tururi sun daina jan fasinja a manyan layukan ƙasar tun 1968. Ana cikin haka, kowane dare a Landan, jirgi mai cin gawayi yana kayar da gazuwal da lantarki, ƴan kallo na tafi. Irin wannan mafarki ne ya samu gida na dindindin a Bochum, wani birni na yankin Ruhr a Jamus wanda ya rayu a kan gawayi da ƙarfe, aka rufe mahaƙarsa ta ƙarshe a 1973. Hukumomin birnin sun gina wa wasan zaure nasa na kansa, aka buɗe ran 12 ga Yuni 1988, aka fassara baitocin zuwa Jamusanci, har da na rap. A 2010 littafin Guinness ya rubuta cewa mutum fiye da miliyan 13 sun kalle shi a wannan zaure guda. Tsakanin Bochum da Düsseldorf, garin su Kraftwerk, tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce a jirgin ƙasa.

A New York kuwa abin bai yi armashi haka ba. An buɗe a gidan wasa na Gershwin ran 15 ga Maris 1987, da kuɗin da ya kai dala miliyan 8, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, aka rufe a Janairu 1989 bayan nuni 761. Kai rap ɗin da Bature ɗan Ingila ya rubuta zuwa birnin Run-DMC da Public Enemy kamar kai goro Gwanja ne. Wata huɗu bayan rufewar, a watan Mayu na 1989, hukumar sufurin birnin ta janye tarago na ƙarshe mai zanen fenti daga aiki, bayan yaƙin shekaru da ta yi da masu zane. Jirgin da ya goyi hip-hop a bayansa ya koma fari fat.

Bayan rufe wasan Landan a 2002 aka shiga zamanin yawo da shi gari-gari, a Amurka daga 2003, a Ingila daga 2004. Tun da ba kowane zaure ke ɗaukar hanyar tsere ba, sai aka ɗauki tseren a fim, ana raba wa ƴan kallo tabarau na musamman. A cikin gyare-gyaren waɗannan shekaru ne aka sauke Rocky uku aka ɗora Hip Hoppers, daga baya Bochum ma ta karɓe su. Nan ma wasa da kalma ne: hopper shi ne tarago mai buɗaɗɗen sama da ake zuba wa hatsi ko tsakuwa ko gawayi a zazzage ta ƙasa. An cire musu alamun dambe, an sa musu sutura irin ta samarin titi, amma matsayinsu a labarin bai motsa ba: uku ne, lamba ce sunansu, a layin kaya suke.

Canjin sunan ya nuna abin da ya faru a waje. A 1984 sai da aka ɓoye rap a cikin rigar ɗan dambe na fim, domin ɗan kallo ya san Rocky, bai san Bronx ba. Bayan shekara 20 al'amari ya juye: yaron da iyayensa suka kawo kallo ya san Eminem da 50 Cent, Rocky kuwa fim ɗin babansa ne. Hip-hop ya zama ɗaya daga cikin hajojin da suka fi tafiya a kasuwar kiɗa ta duniya, har sunansa kaɗai ya isa ya zama hali da sutura da matsayi. Wannan ci gaba ne ta wata fuska, ta wata fuskar kuma ragi ne. Rocky aƙalla yana da labari a bayansa, na talakan da ke shan duka ya ƙi faɗuwa. Hip Hopper ba shi da komai sai salon da aka sa masa suna da shi, tamkar a fito da mutum a wasan daɓe a ce sunansa Kalangu. Waƙar gardamar da ke buɗe kashi na biyu ma an sake rubuta ta sau da dama tun daga babban gyaran 1992, domin ba abin da ke saurin tsufa kamar maganar samari a bakin dattijo.

Abin da ya tsufar da su gaba ɗaya daga wani wuri ya fito. A 2008 Lin-Manuel Miranda ya kai In the Heights manyan gidajen wasa na New York, a 2015 ya biyo da Hamilton, inda rap ya zama harshen da ake muhawarar kafa ƙasa da shi, kuma baƙaƙe da ƴan asalin Latin Amurka suka fito a matsayin George Washington da Thomas Jefferson. Bayan wannan, taragu uku masu tsalle a gefen dandamali da sunan hip-hop sun zama kamar tsohon hoto. A 2018, da Bochum ta yi bikin cika shekara 30, an yi wa wasan garambawul: Poppa ya zama Mama, wadda Reva Rice, Pearl ta farko a New York, ta fito a matsayinta, jirgin Ingila ya samu sunan ba'a na Brexit, aka sallami Hip Hoppers, Rocky suka dawo. A watan Disamba na wannan shekara Jamus ta rufe mahaƙar baƙin gawayinta ta ƙarshe a Bottrop, cikin yankin Ruhr ɗin dai.

A watan Yuni na 2024 aka sake buɗe Starlight Express a Landan, a wani zaure da ke Wembley, ƙarƙashin umarnin Luke Sheppard. A jerin taragun kaya na wannan shiri babu Rocky, babu Hip Hoppers. An maye gurbinsu da taragun makamashi, kowanne da sunansa: Porter mai gawayi, Lumber mai itace, Slick mai man fetur, da Hydra mai iskar haidurojin, wanda da shi Rusty ke cin tseren. A watan Agusta na shekarar, rawar birek ta shiga gasar Olimfik a karo na farko, a dandalin Concorde na birnin Paris, da alƙalai da maki da lambar zinariya. Ran 30 ga Satumba kuma Ingila ta kashe tasharta ta ƙarshe mai samar da lantarki da gawayi, a Ratcliffe-on-Soar.